Wutar Daji da Gandun Gwamnati a Ƙasar Yauri: Abin da Shekara Ɗari Ta Koya Mana



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yelwa zuwa Kwantagora da dare a tsakiyar hunturu, ko ya bi ta ƙasar Shanga ya nufi Koko, ya san abin da za mu tattauna yau. Can nesa za ka hango jan layi yana tafiya a gindin tudu. Da safe toka ce ke sauka a kan shanya, shirwa kuma na shawagi a saman hayaƙi tana cafke fara. Mun saba da abin har ya daina ba mu mamaki. Sai ranar da wutar ta tsallaka ta cinye dammunan dawa da ba a kwashe ba, ko tarin shinkafar da ke jiran casa, ko bukkokin wata ruga, sannan a yi ta salati, a ce tsautsayi ne.

A 'yan shekarun nan gwamnati ta dawo da maganar farfaɗo da dazuzzuka, kuma abin da ake ta nanatawa shi ne haɗin gwiwa da jama'a. Kafin mu yi tafi ko mu ja tsaki, ya kamata mu waiwaya, domin wannan ba shi ne karo na farko da hukuma ta shigo dajinmu da takarda a hannu ba.

DAJIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na yanzu, tana kudancin jihar Kebbi, inda ruwan sama ke kai kusan milimita 1,000 a shekara. Wannan ruwan ya isa ya fito da doguwar ciyawa irin su gamba da kyasuwa, ya kuma riƙe itatuwa irin su doka, maje, kawo, ƙirya, marke, madobiya, kaɗanya da ɗorawa. Har yau sunayen wurare na tuna mana da su, kamar Rafin Ƙirya a ƙasar Shanga. Inda duk aka sami doguwar ciyawa da rani mai tsawon wata shida, wuta ba baƙuwa ba ce. Yawancin waɗannan itatuwa suna da kaurin ɓawo, kuma suna sake toho daga saiwa bayan ƙuna, alamar sun daɗe suna zaune da wuta.

Kowane rukuni na mutanen ƙasar yana da tasa hulɗar da daji. Gungawa suna tsibirai da gaɓar kogin Kwara, suna noman gero da shinkafa da albasa a ƙasar da ambaliya ke sabuntawa kowace shekara. Kambari suna tudu, suna noma gona shekaru kaɗan su bar ta saura ta huta. Ga Shangawa da Dukawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta da ke buƙatar manyan itatuwa don sassaƙa jirgi, ga Fulani da garkensu, ga Hausawa 'yan kasuwa da masu sarauta. Wanda ke son zurfafawa a tarihin wannan cuɗanya sai ya nemi ayyukan marigayi Farfesa Mahdi Adamu Ngaski, wanda ya yi bincike a kan Yauri ta ƙarni na 19.

Manomi yana ƙona sassabe kafin damina. Makiyayi yana ƙona busasshiyar ciyawa don sabon toho ya fito. Mafarauci yana sa wuta don nama ya fito fili, mai ɗiban zuma kuma yana korar ƙudan zuma da hayaƙi. Amma abin yana da ƙa'ida. Ba a fita farautar gayya sai da sanin shugabanni, kuma ba a yin ta sai an kwashe amfanin gona. Ɗorawa tana da mai ita, har gadonta ake yi. Mai sassabe yana tsallake kaɗanya da tsamiya. Akwai kurmin da al'ada ta hana a sa wa gatari.

Kada dai mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Babban abin da ya kare dajin shi ne ƙarancin mutane. Yaƙe-yaƙen cikin gida da hare-haren Kwantagora a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sun watsa ƙauyuka da yawa, gonaki suka koma daji. Lokacin da Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa a 1888, ƙasa ce mai faɗi da mutane kaɗan. Dajin da Turawa suka tarar suka ɗauka tun fil'azal haka yake, wani ɓangarensa kufai ne da tsofaffin gonaki.

ZUWAN MALAMIN DAJI

Turawan Ingila sun fara kafa ma'aikatar daji a kudancin Nijeriya, inda katako ke kawo kuɗi. Dokar daji ta 1916 ita ce ta game ƙasar baki ɗaya, sannan aka sabunta ta a 1937. A Arewa an bi ta hannun En'e. Ana zagaye wani yanki a kafa alamu, a yi shela, a rubuta haƙƙoƙin da aka yarda mutanen kusa su ci gaba da mora, kamar ɗiban busasshen ice da 'ya'yan itatuwa da bin tsohuwar hanya. Sauran kuwa an haramta: babu sabuwar gona, babu sara, babu wuta. A haka aka killace kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar Nijeriya. Har a cikin gonar mutum akwai itatuwan da aka sa cikin jerin waɗanda ba a sarewa sai da takardar izini.

A shekarun 1930 wani masanin daji Bature, E. P. Stebbing, ya zagaya wannan yanki na Afirka ya yi gangamin cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ɗora laifi a kan noman sassabe da kiwo da wuta. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamadar da ake faɗa tana tahowa ba, amma tunanin ya riga ya zauna a zukatan ma'aikata: talaka ne maƙiyin daji, aikin hukuma shi ne ta tsare dajin daga hannunsa.

Daga nan malamin daji ya zama abin tsoro a ƙauye. Sarkin dawa da dagaci, waɗanda da su ne masu cewa a yi ko a bari, suka koma masu kai rahoto. Sakamakon bai ɓoyu ba. Itacen da ke iya jawo wa manomi tara ya daina zama dukiya a idonsa, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin wani ya gani. Wutar da aka hana kunnawa a fili kuma ta koma ta ɓoye. Mutum zai cinna ya gudu, babu mai tsayawa ya kula da inda ta nufa.

GWAJIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Su kansu ma'aikatan daji sun yi ta gardama a kan wuta. A 1929 aka fara wani gwaji a gandun Olokemeji da ke tsakanin Ibadan da Abeokuta. Aka ware filaye uku masu kama da juna. Na farko ana ƙona shi a farkon rani, na biyu a ƙarshen rani, na uku kuma ba a bari wuta ta taɓa shi. Bayan shekara kusan talatin aka auna. Filin da aka tsare ya rufe ya fara zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa har sun ƙaru. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ciyawa ta mamaye shi, itatuwa sun ragu ƙwarai. Faransawa sun fara irin wannan gwaji a Kokondekro ta ƙasar Kwaddibuwa a 1936, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa hura wuta. A ƙarshen Oktoba da Nuwamba ciyawa tana da sauran danshi, raɓa na sauka da dare. Wutar lokacin ba ta da tsayi, tana ci tana tsallake wurare, da yamma ta mutu da kanta. A Fabrairu da Maris kuwa komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, harshen wuta na kai wa rassa. Ita ce ke kashe ƙananan itatuwa, ta kuma sami kaɗanya tana fure ta lalata 'ya'yan shekarar, abin da mata masu tsintar kaɗe suka fi kowa sani. Wurin da aka ƙona da wuri kuma ya zama shinge, domin wutar da ta zo daga baya ba ta samun abin ci a cikinsa.

Olokemeji ta fi mu ruwan sama, don haka kada a ɗauka in an hana wuta a Ngaski za a wayi gari da kurmi irin na kudu. Abin ɗauka shi ne, a irin dajinmu da wuya a hana wuta gaba ɗaya. In an yi sa'a an hana ta shekara biyu ko uku, ciyawa ce ke taruwa, ranar da ta kama sai ta rama. Shi ya sa ma'aikatun daji na zamanin Turawa suka koma ga ƙunar wuri a gandayen da ke yankin ciyawa. Sai dai sun riƙe ta a matsayin aikin ma'aikata, ba su mayar wa mutanen ƙauye ikon tsara ta ba. Mali ta sake gwada haramcin gaba ɗaya a shekarun 1980 ƙarƙashin Musa Tarawore, da tara mai tsanani. Wuta ba ta daina ba, ƙiyayya ce ta ƙaru tsakanin manoma da ma'aikatan daji, kuma bayan faɗuwar gwamnatinsa a 1991 aka sauya dokar aka halatta ƙunar wuri.

RANAR DA RUWA YA HAU

Babu abin da ya sauya fuskar ƙasarmu kamar madatsar Kainji. An fara gininta a 1964, ruwa ya fara taruwa a 1968, aka buɗe ta a hukumance a 1969. Tafkin ya miƙa kusan kilomita 136 daga madatsar zuwa wajen Yelwa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200. Tsohuwar Busa ta nutse, haka babban tsibirin Foge da tsibirai da dama. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka sama da 200, a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur.

Idan ana ba da wannan labari an fi tsayawa a kan gidajen bulo da aka gina wa mutane da kuma diyya. Ba a cika duba abin da ya sami daji ba. Bagungen da ya gaji noman ƙaramin fili mai albarka a tsibiri ya wayi gari a tudu, inda ƙasa ba ta da ƙarfin ta gungu. Kafin ya ciyar da gidansa sai ya sare fili mai faɗi. Fadamun da shanu ke cin burgu da rani sun tafi ƙarƙashin ruwa, makiyaya suka ƙara dogaro da tohon bayan ƙuna. Saurar da ake bari ta yi shekaru tana hutawa ta fara gajarta.

Sannan ga kifi. Sabon tafki ya jawo masunta daga nesa. Kamun da aka yi a 1971 ya haura tan 28,000, kafin ya faɗi ƙasa sosai a ƙarshen shekarun 1970. Mafi yawan kifin nan banda ake yi masa kafin ya kai kasuwar Yelwa ko ta Wara, banda kuwa ice take ci. Kowace tunga da aka kafa a bakin ruwa ta buɗe wa dajin da ke bayanta baki. Itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye kuma suka zama kututtura masu fasa jirage, har hukumar HYPPADEC ta shiga aikin cire su bayan mummunan haɗarin jirgin da ya nufi Wara a watan Mayun 2021.

GANDUN KAINJI DA MAƘWABTANSA

A tsallaken ruwa gwamnati ta bi tsohuwar hanya ta killacewa. Gandun namun daji na Borgu da na Zugurma aka haɗa, dokar soja mai lamba 46 ta 1979 ta mayar da su Gandun Ƙasa na Tafkin Kainji, na farko irinsa a Nijeriya, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Gandun yana cikin jihohin Neja da Kwara ne, amma makiyaya da mafarauta da masu ice ba su san wannan iyaka ba, kuma abin da ya same shi yana iso mu. A Sabuwar Busa aka kafa kwalejin koyon kula da namun daji a 1978, ga kuma cibiyar binciken kifi da ta samo asali daga aikin binciken tafkin na 1968. Ma'aikatan gandun suna yin ƙunar wuri don kare itatuwa da fito wa namun daji da toho.

Ilimi dai akwai shi a kusa da mu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yardar maƙwabta. Mutumin da aka hana shiga dajin kakanninsa, kuma bai ga ko sisi daga kuɗin masu yawon buɗe ido ba, in ya hango hayaƙi ba zai ɗauko ganye ya je kashewa ba. A farkon shekarun 2000 wani shiri na Bankin Duniya mai suna LEEMP ya gwada gyara wannan, ya tallafa wa ƙauyukan da ke kewaye da gandun da ƙananan ayyuka da sana'o'i don su rage dogaro da shi. Tunanin ya yi kyau, amma shiri ne mai wa'adi, kuma ikon dajin bai bar hannun hukuma ba.

Yau kowa ya san halin da ake ciki. 'Yan bindiga sun sami mafaka a cikin gandun da wasu dazuzzukan yankin. Ba mu manta da ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a watan Yunin 2021 ba. Dajin da aka raba da mutanensa, sannan hukuma ta kasa tsare shi, wani ne zai shiga ya zauna. Ga masu gawayi da suka ɗora wa ƙirya ido, ga masu haƙar zinare, ga cinikin madobiya zuwa Sin da ya yi tashe har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ke sa wa ido a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

INDA AKA GWADA TAFIYA DA JAMA'A

Misali mafi kusa da mu a ruwa aka yi shi. A 1993 Nijeriya da Jamus, ta hannun hukumar GTZ, suka fara shirin bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji. Maimakon a tura ma'aikata su yi ta kwace koma, sai aka zauna da sarakunan Yauri da Borgu da Kwantagora, da hakimai da sarakunan ruwa da su kansu masuntan. Jihohin Kebbi da Neja suka yi dokokin kamun kifi. Aka ƙidaya jirage, aka tsara lasisi, aka hana jan dala mai kwashe 'ya'yan kifi, ƙauyuka kuma suka riƙa fita gayyar kwashe kainuwar da ke toshe ruwa. Abin ya yi aiki a lokacinsa domin mai faɗa wa masunci ya bari mutum ne da yake jin nauyinsa. Da masu tallafi suka tafi kuma ƙarfin aikin ya ragu. Duka darussan biyu namu ne.

Misali na biyu yana Maraɗi. Shekaru aka yi ana dasa itatuwa a Nijar suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara rassan tsofaffin kututtura ne masu rai, da saiwa mai zurfi. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran aka kare su, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Abin da ya sa ya bazu shi ne manomi ya fara tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, zai iya sara ya sayar ba tare da tsoron tara ba. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma da mata da makiyaya. Gwamnati ta biyo baya da gyaran dokoki. An ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, a ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba.

Ƙasashe masu arziki ma sun yi irin wannan juyi. Amurka ta shafe mafi yawan ƙarni na 20 tana kashe kowace wutar daji da zarar ta tashi, har dazuzzuka suka cika da busasshen ice, gobara ta koma dodo. A 2009 ta yi dokar da ke ba da kuɗi na tsawon shekara goma ga duk babban yankin dajin da mazauna wurin da masu katako da masu kare muhalli da ma'aikata suka zauna tare suka tsara yadda za a rage cunkoson itatuwa a kuma yi ƙuna bisa tsari. A arewacin Ostareliya, tun 2006 ake biyan 'yan asalin ƙasar a yankin Arnhem don su koma ƙunar wuri irin ta kakanninsu, kuma manyan gobarar ƙarshen rani sun ragu.

SHIRYE-SHIRYEN YAU

Kebbi tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, ko da yake ƙarfinsa ya fi karkata ga arewacin jihar. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Nijeriya ta kuma yi alkawarin gyara hekta miliyan 4 kafin 2030. Tun 2011 akwai ƙa'idojin tarayya a kan ƙona daji, waɗanda suka ce sai da izini. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a Gebbe ko Utono ko Zamare suka taɓa jin labarinsu?

Yawancin wannan kuɗi bashi ne da mu da 'ya'yanmu za mu biya, don haka muna da haƙƙin sa baki. Ga abin da muke ganin tarihin nan ya nuna.

Na farko, a ƙasarmu tsare abin da ke akwai ya fi dasa sabo. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa a watan Yuli, a ɗauki hoto, kafin Maris awaki da wuta sun gama da su. Gonakinmu da saurukanmu cike suke da kututturan doka da marke da ƙirya masu rai. Kuɗin rainon dashe dubu zai iya biyan gayyar share layin tare wuta a kewayen fili mai faɗi.

Na biyu, a daina maganar hana wuta kwata-kwata, a koma maganar yaushe, a ina, kuma wa zai tsaya a kanta. Kowace gunduma za ta iya zama a ƙarshen damina, hakimi da dagatai da ardo da sarkin dawa da shugabar mata da ma'aikacin daji, a tsayar da ranakun ƙunar wuri, a fara share kewayen gonakin da ba a girbe ba, a ware inda za a bar ciyawar jinka da ta zana da ta dabbobi. Bayan wa'adin, duk wanda ya cinna wuta ya san gari gaba ɗaya ya saɓa wa. Nan ne wahalar take, domin lokacin ƙunar wuri yana haɗuwa da lokacin da dawa ke tsaye a gona, kuma bukatar makiyayi ba ita ce ta mai tsintar kaɗe ba. Babu ofishin da ke Birnin Kebbi da zai iya warware wannan daga nesa.

Na uku, a rubuta a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, kuma ƙauyen da ya tsare wani daji yana da kaso sananne a kuɗin ice da gawayi da ke fita daga cikinsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, dazuzzuka kuma a ƙarƙashin jiha suke, saboda haka wannan gyara majalisar jiha ce ke da ikon yin sa.

Na huɗu, duk shirin da ya manta da masu banda da mata masu girki ya manta da inda icen ke tafiya. Murhu mai tsimin ice da ƙaramin gandun ice na kowace tunga su ne za su rage wa dajin nauyi.

Na biyar, a yi tanadin ranar da masu tallafi za su tafi. Itace ba ya girma cikin wa'adin shiri. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Kwamitin da alawus ne kawai ya haɗa shi, ranar da alawus ya tsaya zai watse.

Mun san matsalar tsaro ta sa akwai dajin da ba ya shiguwa yanzu. Amma dajin bayan gari, da gaɓar tafki, da gonakinmu, suna hannunmu. Mu matasa da muka yi karatu za mu iya zama marubutan waɗannan kwamitoci, mu riƙe lissafi, mu je ofishin shiri mu tambayi nawa aka ware wa gundumarmu da abin da aka yi da shi.

Muna roƙon iyayenmu da ke cikin wannan zaure, musamman waɗanda suka ga tashin 1968 da idonsu, su faɗa mana yadda ake tsara ƙuna da farauta a garuruwansu a da, da sunayen dazuzzukan da suka sani waɗanda yau babu su. Wanda ke da dattijo a gida ya zauna da shi ya rubuto mana. Inda muka yi kuskure kuma a gyara mana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.